Alasan Mai Taɓa Wuya da Barcin Ladan

Tsofaffin ƙasar Kiru da Bebeji, har zuwa duwatsun Doguwa, ba su san shi da Malam Alasan ba. Mai Taɓa Wuya suke ce masa. Shekara da shekaru, da zarar kaka ta yi hanyoyi sun bushe, sai a hango shi bisa kekensa, da wandon kaki da farar taguwa, akwatin katako ɗaure a baya. Dagaci ya sa a yi shela, jama'a su jeru a inuwa, maza daban mata daban, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana latsa bayan wuyansu da yatsu. Kaluluwa yake nema. In ya ji ta, sai ya zuƙo ɗan ruwanta da allura, ya ɗiga a gilashi, ya duba da madubin likita. Abin da yake farauta shi ne ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa daga kurmin bakin rafi.

An haife shi a Marken Kogi, wani ƙauye na gaɓar kogin Kano wanda yau kifi ne ke kwana a cikinsa. Ya yi elementare, daga nan aka ɗauke shi aikin ciwon barci, aka kai shi Zariya aka koya masa allura da madubi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa ko a cin tuwo. Duk da haka tsoronsa ake ji, domin wanda ya ce yana da ciwon, allurai ne masu zafi ke jiransa, ga kuma bakin mutane. Akwai garuruwan da in an ji ƙararrawar kekensa, mata kan ɓoye 'ya'yansu a rumbu.

A cikin wannan yawo ne wata tambaya ta kama shi, ba ta kuma sake shi ba har ya tsufa. Ya lura cewa sunan ciwon bai faɗi gaskiya duka ba. Masu shi ba su fi kowa yawan barci ba, barcin ne ya watse musu. Mutum zai ɓingire da tsakar rana da loma a hannunsa, dare kuwa ya yi idonsa ƙyam. Kamar akuya ce ta tsinke igiya, tana shiga gonar da ta ga dama. To wace igiya ce ta ɗaure barcin mai lafiya a jikin dare?

Duk wanda ya tambaya sai ya ce duhu ne mana. Shi ma haka ya ɗauka, sai da ya san wani makaho mai tufkar igiya a Burumburum. Kowace shekara yana taɓa wuyan mutumin nan, lafiyarsa ƙalau, amma barcinsa zagaye yake yi. Kullum sai ya ɗan ƙara jinkiri, har ya wayi gari yana kwana da rana yana tufka da dare, sannan a hankali ya zagayo ya sake daidaita da mutane. Alasan ya ce a ransa, wannan bawan Allah kullum a duhu yake. Da duhu ne ke kawo barci, da bai taɓa tashi ba. Ashe ba duhun ne ya rasa ba, safiya ce ba ta isa wurinsa.

Wata damina Alasan yana hutu, ya tsaya a gonar gyaɗa da magariba, ya ga ganyenta ya naɗe kamar yadda yake yi kullum. Washegari ya ɗauko babbar tukunya ya kife a kan tushe guda, ya toshe gefenta da ƙasa. Da hantsi ya ɗaga kaɗan ya leƙa, ganye a buɗe. Da magariba ya leƙa, ganye a naɗe, alhali ba ta ga rana ba balle faɗuwarta. Haka ta yi ta yi na 'yan kwanaki, sannan ta soma rikicewa, tana naɗewa ba a kan lokaci ba, ta kuma yi fari fat. Maƙwabtan gonarsa suka ce aikin Turawa ya taɓa masa kai. Shi kuwa abin da ya fahimta shi ne, akwai wani abu a cikin mai rai da ke lissafin lokaci da kansa, sai dai lissafin ba ya cika daidai. Hasken safiya ne ke gyara shi kullum, yadda mai agogo ke gyara nasa in rediyo ta faɗi lokaci. Ba wanda ya tambaye shi wannan a wurin aiki, ba shi kuma da inda zai kai maganar. Ya riƙe abarsa.

Lokacin da ya ajiye aiki ciwon ya ja baya ƙwarai, an sassare kurmi, tsando ya yi ƙaranci. Ya zauna a Ƙafin Maiyaki inda ya sayi gona. Ana nan sai maganar madatsar ruwa ta Tiga ta tabbata, aka tashi mutanen Marken Kogi aka mai da su kan tudu, suka sa wa wurin suna Sabuwar Marke.

Daminar 1974, wadda ruwa ya fara taruwa a bayan madatsar, ranar wata kasuwa, sai ga Barakatu ta yi sallama a gidansa. Matar Dikko ce, ladanin Marken Kogi. Dikko kuwa taubashin Alasan ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Dikko ya girme shi, amma da yake ɗan mace ne, tun suna yara Alasan ke kiransa bawansa, shi kuma yana ramawa da abin da ya samu.

Bayan an gaisa ta sha ruwa, Alasan ya ce, “Ina bawana? Ya aiko ki da gaisuwar ubangida, ko har yanzu bai koyi ladabi ba?”

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara lulluɓi ta ce, “Malam Alasan, wurinka na zo, kuma ba na so maganar ta bi kasuwa. Malam ne ba lafiya. Da rana barci, da dare ido biyu.” Ta rage murya. “Mutane sun fara cewa irin naku ne.”

“Irin namu?”

“Wanda kuke nema a wuya.”

Sai ta kwashe labari ta faɗa masa. Dikko ya gaji ladanci wurin mahaifinsa, bai kuma taɓa mallakar agogo ba. Jikinsa ne ke tashinsa. A tsohon gari, mata da muryarsa suke sanin lokacin hura wuta, har akan ce zakaru ma shi suke jira. Amma tun da aka dawo tudu abin ya soma lalacewa. Ya makara sau ɗaya aka ce ajizanci ne. Ya sake, har gari ya yi haske ba a ji kira ba, sai masu zuwa kamun kifi ne suka buga wa Liman ƙofa. Yanzu Idi mai kanti ne ke kira, da yake yana da agogo mai ƙararrawa. Ga shi Sha'aban ya kama. Liman da dattawa sun ce ba za a rataya azumin gari a wuyan wanda bai san sa'ad da zai farka ba. Asubar farko ta azumi, in Dikko ya tashi da kansa ya yi kira a kan lokaci, ladanci nasa ne. In bai tashi ba, ya huta ke nan.

Alasan ya ce, “Ke ba sai ki tashe shi ba?”

“Na faɗa masa haka. Ya ce ladanin da sai an tashe shi, mai tashinsa shi ne ladan. Liman ma haka ya ce.”

Washegari ya ɗaure tsohon akwatinsa a keke ya kama hanya.

Sabuwar Marke gari ne a miƙe, layi-layi, ba kuka ba tsamiya, sai ɗakunan kwano suna ƙyalli. Ya isa bayan azahar. Barakatu ta kai shi wani ɗaki mai ƙyauren katako, ta tura a hankali. Sai da ya tsaya idonsa ya saba kafin ya ga komai. An cusa tsumma a 'yar tagar, an kuma rataya bargo a bayan ƙyaure. Dikko na kwance a gado ya rame, bakinsa a buɗe. Kusa da kansa ga ƙwarya cike da goro an rufa mata jiƙaƙƙen algarara.

Alasan ya tsuguna ya sa yatsu a bayan wuyansa. Dikko ya buɗe ido.

“Wane ne?”

“Ubangidanka ne. Tashi ka yi gaisuwa.”

“Kai ne, Mai Taɓa Wuya? Da ma an ce ungulu ba ta jewar banza.”

“In na zo cin mushe ne ai na yi asara, ba nama a jikinka. Juya nan.”

Ya latsa ko'ina bai ji kaluluwa ba. Ya ɗebi jini ya duba a madubi a tsakar gida, bai ga komai ba. Amma ya san ciwon in ya daɗe yakan bar jini ya shige can ciki, saboda haka bai yarda da idonsa kaɗai ba. Ya sa Dikko a mota suka tafi asibiti a Kano, aka ɗebi ruwan bayansa aka auna. Aka ce babu ciwon barci ko alamarsa.

Barakatu ta yi ta hamdala har da hawaye. Dikko kuwa bai taya ta murna ba. Sai da suka keɓe da Alasan ya ce, “Da ma ciwon ne, Alasan.”

“Subhanallahi. Ka san abin da kake faɗa?”

“Na sani. In ciwo ne, kowa zai ce Allah ya ba shi lafiya. Yanzu fa? Sai a ce ɗan Ladan ya tsufa ya zama rago, barci ya fi masa salla.”

Suka koma Sabuwar Marke. Alasan ya shimfiɗa tabarmarsa a zauren gidan, ya ce zai kwana biyu. Aikin da ya iya ke nan, ya zauna ya duba.

Abin da ya gani ba wani ɓoyayyen abu ba ne. A tsohon gari, Dikko na sauka daga kiran asuba, in an yi salla, sai ya saɓi fartanya. Hantsi a gona yake samunsa, rani kuwa a fadama. Da aka tashi gari, gonar da aka ba su ta yi nisa ga tsakuwa, 'ya'yansa kuma sun koma kamun kifi suna samu, suka ce Baba ya huta, ya yi musu wahala ta isa. Ya huta ɗin. Ya zauna a ɗaki, don ba inuwar da zai zauna a waje, ba kuma abin da yake so ya kalla. Barci ya soma yi masa jinkiri. Tsoron kada ya makara ya sa ya riƙa cin goro don ya kai asuba ido biyu, in ya yi kira sai ya kwanta har azahar. Ran da goron ya gaza, sai barci ya sace shi dab da lokacin.

Da aka ce ba shi da lafiya kuwa, sai aka yi masa jinya irin wadda ake yi wa mutumin da ake ƙauna. Aka rufe shi daga rana da iska. Masu dubiya, da yake damina ce kowa na gona da rana, sai bayan lisha suke zuwa, ƙungiya-ƙungiya. Babban ɗansa ya kawo fitilar masunta, mai haske kamar tsakar rana, don kada baƙi su zauna a duhu. Kowa ya zo da goronsa, don ba a zuwa gaida Ladan hannu rabbana. Shi kuma ba ya iya mai da alheri, kowane baƙo sai ya fasa goro ya ci tare da shi.

Alasan ya kalli wannan duka, ya tuna da gyaɗarsa. An kife mutum da tukunya, kuma da hannun masu sonsa.

Da safe ya sami Barakatu tana dama koko. Ya ce a cire bargon nan da tsumman taga, kuma kullum da sassafe zai fita da Dikko.

Ta saki ludayi. “Mara lafiya a rana? Malam Alasan, me mutane za su ce? Su ce na gaji da jinya na kora shi waje?”

“Ki ce taubashinsa ne ya sace shi. Wa zai kai ƙarar taubashi?”

“Masu dubiya fa? In ce kada su zo? In ce su koma da goronsu? Wallahi ba da bakina ba.”

“Ba ke za ki faɗa ba. Ba wanda zai faɗa.”

Ya san gaskiyarta. Hana goron dubiya cin fuska ne, garin da aka tasa daga tushensa kuwa ba abin da ya rage masa sai irin wannan zumunci. Saboda haka da dare ya yi, sai ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya miƙe ƙafa. Duk wanda ya miƙa wa Dikko goro, kafin ya kai hannu Alasan ya cafe ya jefa a aljihu.

“Abin bawa na ubangijinsa ne,” in ji shi.

Ɗaki ya ɗauki dariya. Dikko ya ce, “Kun gani ko? Gwamnati ta sallame shi, ya koma fashi. Ku ba ni sandata.”

“Sandar ma tawa ce.”

Ba wanda ya ji haushi, don kowa ya san wasan taubasai, tasowa ma ya yi ya tarar da shi. Da an ɗan taɓa hira sai Alasan ya yi hamma mai ƙarfi, ya ce ubangida zai kwanta, bayi su watse, ya kashe fitilar. Cikin 'yan kwanaki masu dubiya suka gane da kansu, suka koma zuwa bayan la'asar.

Fitar da Dikko ita ce ta yi wuya.

“In je ina?” in ji shi. “Gonata tana ƙarƙashin ruwa.”

“Can za mu.”

“Tun da aka kawo mu nan ban je na kalli ruwan nan ba. Ba kuma zan je ba.”

Alasan ya ce to, ya zauna yana gyara igiyar takalminsa. Can ya ce, kamar da kansa yake, “Yaran nan masunta akwai ƙarya. Wai marken masallaci har yanzu kansa na waje. Na ce musu yadda ruwan nan ya hau, ai tuni ya shanye shi.”

Dikko ya ɗago. “Bai shanye shi ba.”

“Ka gani ne?”

“Ba sai na gani ba. Masallaci a kan tudu yake, marken kuma ya fi kowace bishiya a garin tsawo. A gindinsa nake tsayawa in yi kira, ni za ka faɗa wa?”

“Ɗan guntun marken nan? Tsufa ya sa ka manta.”

“Kai da ka bar gari tun ba ka iya ɗaura wando ba! Miƙo min hulata.”

Haka suka fita, rana tana ɗagowa. Dikko na tafe yana kare fuska da hannu, idonsa na zubar da ruwa saboda haske, yana kuma zagin Alasan a hankali. Da suka hau ɗan tudun ƙarshe sai ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, rana ta zuba a kansa. Can tsakiya ga kan marke, kore shar, shi kaɗai.

Dikko bai ce na faɗa maka ba. Ya nemi dutse ya zauna. Bayan wani lokaci ya soma nuni da sanda. Nan ne rijiya. Nan maƙera. Daga marken in ka yi gabas kaɗan, nan mahaifinsa yake kwance, da mahaifiyarsa, da 'ya'yansa biyu da suka rasu suna ƙanana. Alasan ya ce nasa mahaifin ma yana wajen. Suka ɗaga hannu suka yi musu addu'a. Suka ci gaba da zama, rana tana dukan fuskokinsu, har ta yi zafi.

Da za su tashi Alasan ya karyi kara ya kafa a daidai bakin ruwa. “Gobe ma ga ko ya hau.”

“Zai hau mana. An yi ruwa a kudu jiya, ba ka ga hadarin ba?”

“Ba zai kai karan nan ba.”

Washegari Dikko ne ya fara neman hularsa.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Kwanakin farko Dikko kan raba dare yana juyi, da safe kuma Alasan ya tashe shi ko ya yi barci ko bai yi ba. Da rana in ya fara gyangyaɗi sai a jawo shi dara a ƙofar gida, ba a bar masa sai ɗan ƙailula bayan azahar. Rashin goron yamma ya sa masa ciwon kai da faɗa. Akwai ranar da ya jefi Alasan da takalmi, ya ce ya tattara akwatinsa ya bar masa gida, Barakatu ta shiga tsakani tana ba kowa haƙuri. Aka kuma yi kwana biyu ana ruwa tun asuba, ba fita, abin ya koma baya. Alasan kansa shakka ta kama shi. Bai taɓa gwada wannan a kan mutum ba. In ya yi kuskure, ya wahalar da dattijo a banza, ya kuma sa masa rai.

Wata safiya a bakin ruwa ya ba Dikko labarin makahon Burumburum da na tukunyar da ya kife.

Dikko ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Wato ni gyaɗa ce.”

“Gyaɗa ta fi ka. Ita ana matsa ta a sami mai.”

“Allah ya isa tsakanina da boko.” Sai ya ƙara da cewa, “Amma jiya ban ji shigowar yaran nan daga ruwa ba.”

“Da ka saba ji?”

“Kullum. Har in ƙirga tarinsu.”

Alasan ya tashi ya matsar da karan, don ruwa ya cim masa. A hankali barcin ya riƙa matsowa, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar na makahon nan, sai dai wannan ana jan sa da igiya zuwa gida. Wajen ƙarshen Sha'aban, wata rana Alasan ya shiga tashinsa ya tarar da shi zaune a bakin gado yana laluben buta. Wata rana kuma ya tarar da shi yana minshari. Ba wanda zai iya rantsuwa a kan yadda asubar farko za ta kasance.

Aka ga wata. Bayan asham Liman ya riƙe hannun Alasan a ƙofar masallaci ya ce, “Malam, ka san sharaɗin.”

“Na sani, Allah ya gafarta Malam. Ko tari ba zan yi ba.”

Idi ma yana wurin da agogonsa a hannu. Ba mugun mutum ba ne, cewa ya yi shi dai zai zauna a shirye, in an ji shiru ya kira, don kada azumin mutane ya lalace.

Alasan ya kwanta a zaure da niyyar ba zai runtsa ba. Ba don ya tashi kowa ba, so yake kawai ya ji motsin ƙyauren ɗakin can da kunnensa. Ya jingina da bango, ya ja carbi, ya saurari kwaɗi. Amma shi ma wata guda ke nan yana tashi da sassafe yana shan hasken safiya a bakin ruwa, ba kuma ya cin goron da yake ƙwacewa.

Murya ce ta tashe shi. Tsohuwar murya mai ɗan kaushi, wadda ya sani tun yana saurayi, tana ratsa kwanon garin tana faɗa wa mutane cewa salla ta fi barci. Ya yi zumbur ya leƙa waje. Gabas ta ja farin zare. Wannan ba kiran farko ba ne na tashin masu sahur, na biyu ne, alfijir ya keto. Ya juya ya ga ƙwaryar furar da Barakatu ta ajiye masa a kife, an sha an side.

Bayan an sallame salla Liman ya juyo ya dubi jama'a. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, “Idi, Allah ya saka da alheri. Ka riƙe azahar da la'asar, Ladan ya riƙa samun ƙailula. Sauran nasa ne.” Aka shafa fatiha.

A hanyar gida Alasan ya ce, “Ka wuce ta kaina ba ka tashe ni sahur ba.”

“Barakatu ta kira ka har ta gaji. Ni kuma na tsuguna na taɓa wuyanka.”

“Ka taɓa wuyana?”

“Na latsa ko'ina, ban ji kaluluwa ba. Na ce to, wannan lafiyarsa ƙalau, lalaci ne kawai.”

“Furata fa?”

“Diyyar gorona ce. Saura da yawa.” Dikko ya gyara riƙon sandarsa. “Yi sauri, malam, rana za ta riga mu bakin ruwa.”

Haka Alasan ya yi azumin farko na shekarar da cikin jiya, bai kuma taɓa ba da labarin ba tare da ya yi dariya ba.

Marken bai kai baɗi ba, ruwa ya rufe shi. Dikko bai fasa zuwa bakin ruwa da safe ba, a can ya koyi gyaran koma yana taya 'ya'yansa, ya kuma riƙe asubar Sabuwar Marke har ƙarfinsa ya ƙare. Alasan ya koma gonarsa a Ƙafin Maiyaki. Bai taɓa sanin a wane sashe na jiki mai lissafin nan yake zaune ba. Ya taɓa tambayar wani saurayin likita da ya zo Tudun Wada, likitan ya ce masana a manyan makarantu ma suna kan binciken abin. Wannan amsa ta yi masa daɗi ƙwarai, ya dawo gida yana ta maimaita ta, kamar wanda ya daɗe yana tafiya shi kaɗai ya hango ƙurar ayari a gabansa.

Kowace ƙaramar salla kuwa sai ɗan aike ya zo daga Sabuwar Marke da goro guda ɗaya tak, fari, naɗe a ganye. Saƙon da ke biye da shi bai taɓa canzawa ba. Ladan ya ce a gaida bawansa, wai yanzu shi ne ubangida, kuma a ci da safe.